Raina kai ne ke jefa 'ya'yanmu hannun mayaudara, ko sai sun faɗa ne suke tsanar kansu?

Malama_Ta_Aji_Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo shi zauren nan. Shekarata 14 ina koyarwa a sakandaren 'yan mata, kuma ni ake turo wa yara idan matsala ta taso. A tsawon shekarun nan, 'yan matan da aka kawo mini saboda wani namiji ya yaudare su ya ɓata musu rayuwa, mafi yawansu ba fitsararrun da kowa ke nunawa da yatsa ba ne. Shiru-shiru ne. Irin wadda ke zama can ƙarshen aji, ba ta ɗaga hannu, idan an ce ta yi karatu sai muryarta ta hau rawa. Wata da na zauna da ita a zangon da ya wuce, na tambaye ta me ta gani a jikin mutumin, ga shi ya girme ta nesa ba kusa ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Malama, shi kaɗai ya taɓa ce mini ina da kyau. A gida Baƙa ake kirana." Har yau maganar nan tana mini yawo a kai.
Tambayata ita ce: damuwa da raina kai ne ke tura yaro ko yarinya cikin wannan harka tun ba su mallaki hankalinsu ba, ko kuwa sai bayan sun faɗa ne damuwar ke kama su? Don in na farko ne, to bulala da faɗa kaɗai ba za su yi mana maganin abin ba.

Baban_Sadiq:
Wa alaikumus salam Malama. Da girmamawa, ni ban yarda da wannan kwana-kwanar ba. Rashin tarbiyya ne da waya. Mu ma an zage mu a gida, an kira mu da sunaye iri-iri, ba mu lalace ba. A ƙwace wayoyi, a tsare sallah, a san da wa yarinya ke yawo. Shi ke nan.

Maman_Ilham:
Baban Sadiq, kai namiji ne, ana zaginka ka fice majalisa ka manta. Yarinya fa tana cikin gida da mai yi mata gorin daga asuba har dare. Ni a hannun kishiyar uwa na tashi. Ba ta taɓa dukana ba, amma kullum sai na ji "wa zai kwashi wannan?" Sai da na kai shekara ashirin ban iya kallon madubi da mutane a wurin ba. Allah ne kawai ya tsare ni, don na rantse da a lokacin wani ya zo ya yi mini magana mai daɗi, ban san inda zan tsaya ba. Mai jin ƙishirwa ba ya duba tsabtar kwano.

Anti_Nas:
Malama kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ɓangaren mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli kafin shekara 14 suke somawa. A wurinmu yarinya ba za ta zo ta ce "ina da ciwon damuwa" ba, ba ta ma san sunan abin ba. Cewa za ta yi kaina na ciwo, ƙirjina ya yi nauyi, ba na iya barci, abinci ba ya mini daɗi. A yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, a yi na taifod, a ba ta magani ta koma. Wata uku ta sake dawowa. Wani lokaci sai ka sallami uwar ta fita waje, ka ja kujera kusa, sannan za ka ji abin da ke ƙasa. Kuma sau da yawa akwai wani namiji a cikin labarin, babba ba sa'anta ba.

Dalibin_Likita:
Tambayar Malama masu bincike ma sun yi ta. Bincike guda biyu nake tunawa daga karatunmu, dukansu a Amurka. Na farko an buga shi a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 2002. Sun auna yadda yara ke ganin ƙimar kansu a farkon balaga, suka bi su wajen shekara biyu. 'Yan matan da ke ganin darajar kansu sun fi sauran kame kai har ninki uku. Amma a wajen maza abin ya juye: masu ji da kansu su suka fi saurin faɗawa, fiye da ninki biyu. Na biyu a 2005 ya fito, an bi matasa sama da 13,000 shekara guda. Shi kuma ya nuna cewa shiga harkar lalata da shaye-shaye ne ke jawo ciwon damuwa daga baya, musamman ga mata. To kun ga hanyar tana tafiya tana dawowa. Raina kai ya buɗe ƙofa, abin da ya faru ya ƙara zurfafa ramin, daga nan kuma yarinyar ta ga ai ba abin da ya rage mata da za ta kare.

Baban_Sadiq:
Yaran Amurka daban, namu daban. Can ba a ɗauki abin laifi ba.

Dalibin_Likita:
Gaskiyarka Baba, ba za a ɗauko lissafinsu a ɗora mana kai tsaye ba. Amma duba ta nan: in a ƙasar da ba a cika ƙyamar abin ba yana barin yarinya da damuwa, ina ga tamu da ta san ta saɓa wa Allah, ta san in aka ji sunan gidansu ya ɓaci, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa? Nauyin da ke kanta ya ninka.

Malam_Na_Zaure:
Bismillah. Haramcin zina ba abin muhawara ba ne, Allah ya ce kada ma a kusance ta, a Suratul Isra'i aya ta 32. Amma Baban Sadiq, tarbiyyar da kake kira ai da tausayi aka gina ta. Wani saurayi ya zo wurin Manzon Allah (SAW) ya ce a yi masa izinin zina. Sahabbai suka taso masa. Annabi ya ce a bar shi ya matso, ya zaunar da shi, ya tambaye shi ko zai so a yi wa mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar uwarsa. Yana cewa a'a. Sannan ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a Allah ya gafarta masa, ya tsarkake zuciyarsa. Imamu Ahmad ya ruwaito. Ku lura, yaron ya samu fuskar da zai faɗi abin da ke ransa. A gidajenmu yau wane yaro ne zai iya? Sannan gorin da Maman Ilham ta faɗa, Suratul Hujurati aya ta 11 ta hana jifan juna da miyagun laƙabi, kuma ba a ce ban da 'ya'yanka ba.

Hajiya_Babba:
Malam Allah ya saka. Ni na haura sittin, bari in faɗi laifinmu. Mun tashi da alkunya. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a wasa da ita a gaban mutane, ba a yabonta. Amma a da akwai kaka a gida, akwai goggo, akwai inna, su ke jan yarinya a jiki, su yi mata kitso suna yi mata kirari. Uwa ta yi kawaici, kaka ta cike gurbin. Yanzu kowa ya tare a gidan haya daga shi sai matarsa, kaka tana ƙauye. Muka riƙe kunyar, muka rasa masu cike gurbin. Yarinya ta tashi ba wanda ya taɓa ce mata "'yar albarka, kin yi kyau." To ranar da ɗan acaɓa ko mai shago ya faɗa mata fa?

Maman_Ilham:
Hajiya wallahi kin gama magana. Hawaye nake.

Abu_Mai_Shadda:
Duk wannan dogon turanci ne. Magani ɗaya ne, da yarinya ta balaga a yi mata aure. Iyayenmu haka suka yi, ba su san wani ciwon damuwa ba.

Dan_Maradi:
Abu, ni daga Nijar nake, kuma in aurar da yara da wuri ne magani da mun fi kowa lafiya. Alƙaluman UNICEF sun nuna a cikin 'yan mata huɗu a ƙasarmu, uku ana yi musu aure kafin shekara 18, babu ƙasar da ta kai mu. Ka zo Danja kusa da Maraɗi ka ga asibitin masu yoyon fitsari, ka ga shekarun waɗanda ke kwance. Ƙanwata an aurar da ita tana 15, a 17 ta dawo gida da saki da goyo. Yarinyar da ke cika gida da dariya ta koma ba ta magana. Wadda ta raina kanta a gidan ubanta, in ka kai ta gidan miji ba ka warkar da ita ba, wurin kukan kawai ka sauya mata.

Abu_Mai_Shadda:
To a bar su su yi ta lalacewa ke nan? Ai gara saki da cikin shege.

Anti_Nas:
Ba wanda ya ce a bar su, Malam Abu. Amma zaɓin ba biyu ne kawai ba. Mu ke karɓar haihuwar yaran nan, mun san abin da doguwar naƙuda ke yi wa ƙugun da bai gama girma ba. Ka tambayi ma'aikatan asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina. Kuma ka sani ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke auna sakamako kafin a aikata abu, wanda ke nan ta goshi, ba ya gama nuna sai an haura shekara ashirin. Shi ya sa 'yar 15 jiki ya girma amma lissafi bai kai ba, ko a waje ko a ɗakin aure.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a yi haƙuri, maganar shekarun aure mun yi ta a baya har ta kusa raba zumunci. Mu koma kan tambayar Malama.

Bakuwa_A_Zaure:
Na buɗe wannan sunan ne don in yi magana ba tare da an gane ni ba. Yanzu ina da aure da yara uku. Ina 'yar 16 babana ya rasu, aka kai ni riƙo gidan ɗan uwansa. Ba a zalunce ni da abinci ko sutura ba, amma ba wanda ya taɓa tambayata ya nake ji. Wani maƙwabci magidanci ya fara ba ni kuɗin mota, yana tambayar karatuna, yana cewa shi zai zame mini uba. Wata shida yana haka kafin ya nuna ainihin abin da yake so. Abin da ya biyo baya ba zan faɗa ba. Abin da nake so Malama ta sani shi ne, amsar tambayarki duka biyun ne, amma na biyun ya fi muni. Kafin abin, baƙin ciki nake. Bayan abin, ƙyamar kaina nake, in yi wanka sau uku a rana, in tsaya sallah in kasa ɗaga hannu in roƙi komai don ina ganin ban cancanta ba. Na yi tunanin kashe kaina ba sau ɗaya ba. Wadda ta cece ni malamar Islamiyyarmu ce. Ta lura na rame, ta tsare ni bayan an tashi, na faɗa mata ina jiran mari. Sai ta rungume ni ta ce, "Ke yarinya ce, shi ne babba, shi ya ci amana." Shekara ashirin ke nan, ban manta ko kalma ɗaya ba.

Malam_Na_Zaure:
Allah ya ƙara miki lafiya da natsuwa 'yar uwa, ya saka wa malamar nan da Aljanna. Shi kuma akwai ranar da zai tsaya.

Lauya_Zee:
Baƙuwa, na gode da ƙarfin halinki. Ina so zaure ya riƙe abu ɗaya daga labarinta: mu daina cewa "ta lalace" ko "suna soyayya" idan magidanci ne da 'yar 15 ko 16. Sunan abin cin zarafin yara. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Kuma masu wannan ta'asa ba da ka suke zaɓa ba, suna karantar yara. Marainiya, 'yar riƙo, wadda iyayenta suka rabu, mai talla da ake jira ta kawo ciniki ko ta sha faɗa. Wadda suka san ba ta da wurin kai ƙara ita suke bi. Kalmar da muke amfani da ita tana da tasiri, don yarinyar da aka ce wa "lalatacciya" ta ɗauka shi ne sunanta har abada.

Matashi_Kd:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, shekarata 23. Tun ɗazu mata ake ta magana, kamar mu maza ba abin da ke damunmu. Abin da Ɗalibin Likita ya ce masu ji da kai su ke faɗawa, wataƙila haka ne a can, amma abin da na gani a unguwarmu akwai kishiyarsa. A majalisa in ba ka da labarin mace da za ka bayar, kai ne abin dariya. A ce maka ustaz, a ce maka ɗan mama, a ce ko dai ba ka da lafiya ne. Yaron da ya faɗi jarrabawa, ba sana'a, babansa kullum "ba za ka yi albarka ba", ina zai nuna shi ma wani ne? Rabin labaran da ake bayarwa ma ƙarya ne, amma ƙaramin da ke gefe yana saurare bai sani ba, sai ya tafi ya gwada don kada a bar shi a baya. Abokina haka ya fara, daga nan sai ƙwaya don ya daina tunani. An hana kodin a 2018 amma abin da ya sa yake sha bai tafi ko'ina ba, ya koma wani abin.

Baban_Sadiq:
Wannan yaron ya faɗi gaskiya. Majalisar banza ita ce makarantar shaiɗan. Ai abin da na ce ke nan, a san da wa suke yawo.

Matashi_Kd:
Baba, a sani ɗin yana da kyau, amma a tambayi me ya kore shi daga gida zuwa majalisar. Kuma akwai wani sabon bala'i da ba ku sani ba. Ana buɗe shafi da hoton mace a Instagram, a ja yaro da hira har ya tura hoton da bai kamata ba, sai a ce ya turo kuɗi ko a watsa. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya rufe shafuka kusan 63,000 daga Najeriya masu wannan aiki. Yaron da aka yi wa haka ba zai taɓa faɗa wa babansa ba in ya san kashe shi za a yi da duka. Shi kaɗai zai haɗiye.

Uwar_Biyu:
Ni maganar "Baƙa" ɗin nan ce ta tsaya mini. Mu duba yadda muke yi. A gidan suna a ɗaga jaririya a ce "kai, fara ce tas, ta yi goshi." 'Yar uwarta baƙa tana tsaye tana ji. Masu neman aure su ce fara suke so. To me ya sa muke mamaki 'yar aji biyu na sakandare tana tara kuɗin tara don sayen man bilicin? Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, da kanta a 2023 ta ayyana shafe-shafen nan a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Wadda ta yarda ta ƙona fatarta don a so ta, me kuma ba za ta yarda da shi ba?

Dalibin_Likita:
Ƙari a kan na Uwar Biyu, a 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin. A ciki binciken su da kansu ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan matan da ba sa jin daɗin surar jikinsu sun ce Instagram na ƙara musu jin haka. Don haka Baban Sadiq bai yi kuskure ba da ya ambaci waya. Sai dai wayar ta fi cin wadda ta riga ta zo da rauni.

Hajiya_Babba:
Ku dai ku riƙa yabon 'ya'yanku mata, ku iyaye maza musamman. Yabon uba daban yake a kunnen 'ya.

Baban_Sadiq:
Hajiya ni fa har yanzu ina kan bakata, sakaci da waya su ne kan gaba, kuma ba zan fara lallashin yaro yana kuskure ba. Amma ina da tambaya ga Anti Nas. Ina da 'ya 'yar 14, da can surutu har sai an ce ta yi shiru. Wata biyu ke nan daga makaranta sai ɗaki, abinci kaɗan, ko ƙannenta ba ta kulawa. Uwarta ta ce girma ne. Na karɓe wayar uwar da take ɗauka, ba abin da ya sauya. Ta ina ake farawa?

Anti_Nas:
Baban Sadiq, wata biyu ya wuce a ce girma ne. Mu a asibiti in irin wannan ya haura mako biyu muna ɗaukarsa da muhimmanci. Kada ka fara da "wa ya ɓata ki" ko "me kika yi", za ta rufe baki gam. Ba lallai ma akwai namiji a ciki ba, yana iya zama tsangwama a makaranta ko wani abin daban. Ka fita da ita ku biyu, ko rakiyar kasuwa ce, ka ce ka lura ta sauya kuma hankalinka ya tashi, kuma duk abin da ta faɗa ba za ka dake ta ba. In ka yi alkawarin ka cika. In ba ta yi magana ranar ba kada ka matsa, ka nemo wadda ta fi sakewa da ita, goggo ko yaya. In ta ambaci mutuwa ko gajiya da rayuwa, ko da wasa, ranar za ku tafi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri da Dawanau a Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin hauka. Ko doka ta sauya, tun Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. A yi addu'a, a yi ruƙiyya in ana so, amma a haɗa da likita.

Baban_Sadiq:
Na ji. Gobe Asabar zan gwada. Ku sa mu a addu'a.

Abu_Mai_Shadda:
Allah ya ba ta lafiya. Amma ni dai maganata ta aure tana nan.

Malama_Ta_Aji_Uku:
Na karanta duka, Allah ya saka wa kowa. Baƙuwa, kalmar malamarki na rubuta ta a littafina. Abin da ban faɗa ba tun farko shi ne, yarinyar da na ba ku labarinta ba ta dawo makaranta wannan zangon ba. Na aika ƙawarta, ta ce babanta ya rantse ta gama boko, ko ƙofar gida ba ta leƙawa, kuma har yau ba wanda ya tunkari mutumin, yana nan yana harkokinsa a unguwa. Ina so in je gidan ranar Lahadi, amma ni mace ce kuma baƙuwa, ban san ko uban zai saurare ni ba. Malam Na Zaure, in na samu limamin unguwarsu, me kake ganin ya dace in fara faɗa masa? Lauya Zee, ke kuma zan biyo ki ta akwatin sirri kan maganar mutumin.